ALHAJI, BUƊE ƘOFARKA: NASIHA GA MANYAN 'YAN KASUWA GAME DA DANDALIN X

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammad, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan nasiha ce ga masu kamfanoni, da manyan diloli, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, da masu asibitoci da makarantun kuɗi, da masu kamfanonin sufuri, da duk wanda Allah Ya ɗaukaka har ya zamo dubban mutane suna mu'amalar kuɗi da shi alhali ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Mai tebur a bakin titi ba shi da matsalar da zan yi magana a kanta. In ya sayar maka da abu marar kyau, gobe za ka dawo ka same shi a zaune, ku daidaita. Amma duk sanda kasuwa ta bunƙasa, sai ƙofofi su yi yawa tsakanin mai dukiya da mai saye. Akwai maigadi, akwai sakatare, akwai manaja, sannan ga yaran Alhaji waɗanda ba sa kai masa labari sai mai daɗi. Talakan da aka danne wa naira dubu arba'in zai yi sawu uku, huɗu, kullum a ce masa Oga ya yi tafiya. Daga ƙarshe sai ya gaji, ya ɗaga hannu ya ce Allah Ya isa. Shi kuwa Alhaji yana can yana Umra, bai ma san an yi ba. Amma fa kuɗin suna cikin dukiyarsa, kuma da sunansa aka ci su.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa wani sahabi, Abu Maryam Al-Azdi, ya shiga wurin Mu'awiya, Allah Ya ƙara musu yarda, ya tunatar da shi gargaɗin Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, a kan wanda aka jiɓinta wa al'amarin Musulmi sai ya ɓuya daga buƙatunsu da talaucinsu: sakamakonsa shi ne Allah Ya ƙyale shi da tasa buƙatar ranar alƙiyama. Da Mu'awiya ya ji haka, sai ya naɗa mutum na musamman don sauraron buƙatun jama'a. Asalin hadisin a kan masu mulki yake, wannan haka ne. To amma wanda albashin ma'aikata ɗari biyar yake hannunsa, kuma abincin gari ko maganinsa yake bi ta rumbunsa, shi ma mai kiwo ne, kuma za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi kiwo. Ku lura kuma da abin da Mu'awiya ya yi: ya nemi hanya a aikace wadda koke zai riƙa isowa gare shi. Kowane zamani da irin tasa hanyar, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin zamaninmu ita ce dandalin gajerun rubuce-rubuce.

MENE NE WANNAN DANDALI?

Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda aka sani da Twitter. An kafa shi a Amurka a 2006, kuma da farko ba ka iya rubuta abin da ya wuce harafi 140 a saƙo ɗaya, sai a 2017 aka ƙara zuwa 280. Elon Musk ya saye shi a watan Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44, ya canza masa suna zuwa X a 2023. A wannan shekarar ce kamfanin Meta, mai Facebook, ya fito da nasa mai suna Threads.

Abin da ya bambanta shi da WhatsApp shi ne a fili ake magana. Ba sai kana da lambar mutum ba. Ɗalibi a Gusau zai iya ambaton sunan shugaban banki, kuma duk duniya ta ga tambayar, ta ga an amsa ko an yi shiru. Ka ga ke nan ƙofa ce wadda maigadi ba ya iya tsayawa a bakinta.

Hukuncinsa kuwa, malaman usulu suna da ƙa'ida cewa asali a cikin mu'amaloli da al'adu shi ne halacci har sai dalili ya hana, kuma hanya tana ɗaukar hukuncin abin da ake nufi da ita. Don haka ba na cewa buɗe shafi a X farilla ne. Abin da yake farilla shi ne bayyana gaskiyar kaya, da mayar da haƙƙi, da kawar da cuta daga mutane. Idan ya zamana wannan dandali shi ne hanya mafi sauri ta sauke waɗannan wajibai, to wanda ya guje shi yana buƙatar ya nuna mana wace hanya ya tanada a madadinsa.

DALILI NA FARKO: BAYANI HAƘƘIN MAI SAYE NE

A hadisin Hakim bin Hizam da ke cikin Bukhari da Muslim, an rataya albarkar ciniki a kan abu biyu, gaskiya da bayani, aka kuma rataya shafewarta a kan ƙarya da ɓoyewa. Muslim kuma ya kawo ƙissar tarin abincin da Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya cusa hannunsa a ciki ya ji danshi. Mai abincin ya kawo uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a zarge shi a kan ruwan ba, domin ba shi ya saukar da shi ba. An zarge shi ne a kan bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, kuma aka kira wannan algus.

To yanzu ɗauki mai kamfanin da ya gano cewa wani rukuni na kayansa ya fita da matsala, ko man girki ne, ko ruwan leda, ko maganin feshi, kuma katan dubu sun riga sun watsu daga Kano zuwa Maiduguri. Ina saman tarin abincinsa yake? Ta yaya zai sa mutane su gani? Layi uku a shafinsa, da lambar rukunin kayan da hotonsa, da bayanin inda za a mayar a karɓi kuɗi, za su isa inda motocinsa ba za su isa ba cikin mako guda. Haka mai kamfanin sufurin da ya soke tafiya, da mai makarantar da zai ƙara kuɗi, da mai kamfanin da ya rage nauyin buhu ya bar farashi yadda yake. Wannan na ƙarshen ya sake karanta farkon Suratul Muɗaffifin da kyau. Rage awo a ɓoye tauyewa ne, amma in ka sanar, mai saye ya shiga da saninsa.

DALILI NA BIYU: MAI HAƘƘI YANA DA TA CEWA

Babban abin da yake korar manyanmu daga wannan dandali shi ne tsoron yara su faɗa musu magana. Alhaji ya saba in ya shigo a miƙe, in ya yi magana a ce haka ne ranka ya daɗe. Ina shi ina wurin da yaro ɗan shekara ashirin zai ce masa kamfaninka ya cuce ni?

Mu koma ga Abu Huraira, a cikin Bukhari da Muslim. Wani mutum ya zo yana bin Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, bashin raƙumi, ya kausasa harshe har sahabbai suka yunƙura za su yi maganinsa. Sai Annabi ya hana su, ya nuna musu cewa wanda yake bin haƙƙi yana da damar magana. Sannan ya sa aka biya shi da raƙumin da ya fi nasa, ya kuma bayyana cewa kyautata biya yana cikin alamun mutanen kirki. Wannan fa shugaban halitta ke nan. Wane ne kai, wane ne ni?

Mun ga yadda abin ya kasance a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, takardar kuɗi ta yi wuya, kowa ya koma tiransifa. A cire maka kuɗi, wanda ka tura wa bai gani ba, ka je banki ka tarar da layi har titi. Mutane da yawa a Twitter suka riƙa kai kukansu, domin nan ne kaɗai suke jin za a ji su. Mai hankali a cikin shugabanni zai karanta irin waɗannan koke-koke da kansa, ko da na minti goma sha biyar ne a rana. Abin da zai gani a nan, wallahi manajansa ba zai taɓa rubuto masa shi a rahoto ba. In mutum ashirin daga gari ɗaya suka yi kuka da reshe ɗaya, ka san akwai ɓera a wurin.

Yadda ake amsawa ma ilimi ne. A watan Afrilun 2017 aka jawo wani fasinja da ƙarfi daga jirgin kamfanin United Airlines a Chicago, har ya ji rauni, don a samar wa ma'aikatan kamfanin kujera. Fasinjoji suka ɗauka a waya, bidiyon ya zagaye duniya. Jawabin farko da shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya fitar ya zo da kwana-kwana irin ta ofis, sai wutar ta ƙara ruruwa. Sai da ya dawo ya ba da haƙuri ƙarara, ya ɗauki laifin. Darasin a bayyane yake: in an yi kuskure, a ce an yi, a faɗi yadda za a gyara. Mu da addininmu ya koya mana tuba da mayar da haƙƙi, bai kamata wani ya riga mu wannan ba.

DALILI NA UKU: IN KA YI SHIRU, WANI ZAI YI MAGANA DA SUNANKA

Wata rana da dare Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, yana i'itikafi, ya fito raka matarsa Safiyya. Wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su, suka ƙara sauri. Sai ya tsayar da su ya sanar da su ko wace ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Malamai sun ciro daga wannan cewa ana son mutum ya kawar da zargi daga kansa tun kafin ya yi jijiya.

A farkon 2024, lokacin da tsadar abinci ta kai inda ta kai, an yi ta zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya, har hukuma ta rufe wasu rumbunan ajiya a yankin Dawanau. Ɓoye abinci don ya yi tsada haramun ne, hadisin Ma'amar a Sahihu Muslim ya kira mai yin sa mai laifi. Amma ba duk mai sito cike da hatsi ne mai ɓoyewa ba. Wanda yake da gaskiya, da a ce tun farko ya saba yi wa jama'a bayanin nawa ya sayo, nawa ya biya kuɗin mota, nawa canjin dala ya ƙara masa, da ranar da zargi ya taso yana da masu sauraronsa. Ba a fara haƙa rijiya ranar da gobara ta tashi.

Sannan ga 'yan damfara. A watan Nuwamban 2022, lokacin da Twitter ta fara sayar da shuɗiyar alamar tantancewa a kan dala 8, wani ya buɗe shafin bogi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya rubuta cewa insulin, maganin masu ciwon suga, ya zama kyauta. Dubban mutane suka yaɗa. Da me kamfanin ya ƙaryata? Da shafinsa na gaskiya wanda aka riga aka sani. A nan gida kuwa kowa ya san yadda ake buɗe shafuka da sunan attajirai da kamfanoni, a ce ana ɗaukar ma'aikata ko ana raba jari, a turo dubu biyar kuɗin fom. Wanda ake cuta matashi ne marar aiki, da bazawarar da ta ranto kuɗin. Idan kana da shafi sananne, layi ɗaya da za ka rubuta cewa wannan ba daga gare mu ba ne zai tsare dukiyar bayin Allah masu yawa. Kawar da abu mai cutarwa daga hanya sadaka ne, wannan ma yana ciki in an yi niyya.

DALILI NA HUƊU: ZAKKAR ƘWAREWA

Da Abdurrahman bin Auf ya iso Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi masa addu'a ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Matasanmu da yawa yau abin da suke nema ke nan, wanda zai nuna musu hanyar kasuwa. Su wa suke nuna musu a waya? Masu tallan cacar ƙwallo, da masu alƙawarin kuɗi zai ninka cikin wata guda. Mun ga abin da MMM ta yi wa mutane a ƙarshen 2016, kuma har yau irinta ba su daina fitowa da sabon suna ba.

Alhali a Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari akwai dattawan da suka shekara arba'in suna juya kuɗi. Sun san yadda ake ba da kaya bashi ba a karye ba, da yadda ake yaye yaron shago, da yadda ake fitar da zakkar kayan sayarwa, da dalilin da ya sa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ta zo a kan rubuta bashi. Wannan ilimi yana tafiya kabari tare da masu shi. Alhaji, in kana rubuta darasi ɗaya a mako, cikin Hausarka ta kasuwa, ba ka san yaron da zai tashi da shi ba, ladan kuma yana bin ka bayan ka kwanta dama.

ABIN DA ZA A CE

Wani zai ce ai kwastomomina ba sa X, suna Facebook da WhatsApp da TikTok, wasu ma sai rediyo. Gaskiya ne, a Arewa haka abin yake. Amma 'yan jarida suna can, hukumomi suna can, kuma abin da aka rubuta a can da safe, kafin azahar an ɗauki hotonsa ya shiga zaurukan WhatsApp, da yamma ka ji shi a rediyo. Kuma maganata ba ta tsaya a kan kamfani ɗaya ba. Mun ga gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai cur. Rumfar haya ce, kada ka zuba duk kayanka a ciki. Ka haɗa da lambar waya da ake ɗauka da ofishin da ake shiga.

Wani zai ce wurin cike yake da zagi da batsa. Wannan ma gaskiya ne, kuma wanda ya san in ya shiga zai halaka, to ya tsaya a waje ya wakilta amintacce. Amma kasuwa ma an ambace ta a hadisin Muslim a matsayin wurin da Allah Ya fi ƙi a cikin gari, duk da haka sahabbai ba su bar wa wasu ita ba, sun shiga da ladubbanta. Da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a bakin hanya, an ba su izini da sharaɗin su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cuta, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Ɗauki waɗannan ka shiga da su X, sun ishe ka.

SHARUƊƊA GA WANDA ZAI SHIGA

Na ɗaya, ka auna kalma kafin ka sake ta. A watan Agustan 2018 Elon Musk ya rubuta gajeren saƙo cewa ya samu kuɗin da zai saye hannayen jarin Tesla a kan dala 420 kowane ɗaya. Hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta maka shi a kotu, aka ƙare da shi ya biya dala miliyan 20, kamfanin ma miliyan 20, ya kuma sauka daga shugabancin hukumar daraktoci. Wannan tarar duniya ke nan a kan layi ɗaya. Hadisi kuwa ya gargaɗe mu da kalmar da bawa zai furta bai tantance ta ba, ta jefa shi wuta. Kada ka yi rubutu kana cikin fushi.

Na biyu, ban da sayen mabiyan bogi, ban da biyan yara su yabi kayan da ba su taɓa amfani da su ba, ko su kushe na abokin gasarka. Wannan ɗan'uwan najashi ne da aka hana, wato mutum ya ƙara wa kaya farashi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani.

Na uku, ban da yawan rantsuwa a talla, tana sayar da kaya amma tana cinye albarka. Ban da tallata kaya da tsiraicin 'ya'yan mutane.

Na huɗu, kada ka tona asirin kwastoma don ka ci nasara a gardama. Ka amsa a fili cewa ka ji, ka ja shi gefe ku warware, lambar asusunsa da bashinsa amana ne.

Na biyar, in yaro ne yake riƙe maka shafin, ka sani duk abin da ya rubuta kai ka faɗa. Ka zaɓi mai hankali da tsoron Allah, kuma ka hana shi toshe mutum don kawai ya kawo kuka.

Na shida, ka kiyayi riya. Shafin na sauke haƙƙi ne. In ya koma wurin nuna motoci da hoton talakan da ka ba shinkafa, to ka binciki zuciyarka.

Ku kuma 'yan'uwa masu kai koke, ku ji tsoron Allah. An ba wanda aka zalunta damar bayyana zaluncin da aka yi masa, ba a ba shi damar ƙari ko ƙage ba. Ka fara bin hanyar sirri, in ta toshe sannan ka fito, ka faɗi iya abin da ya faru, da rasit ɗinka. Wanda kuma ya ga zargi yana yawo, aya ta shida a Suratul Hujurat ta umarce shi da ya bincika kafin ya tura gaba. Sau da yawa yatsa ɗaya ya rushe sana'ar da aka shekara ashirin ana ginawa, sai daga baya a gane ƙarya ce. In kuma an biya ka haƙƙinka, ka dawo inda ka yi kuka ka faɗa, adalci ke nan.

Alhaji, haƙƙin da ba a kawo maka kukansa a duniya ba, za a kawo maka shi a ranar da babu naira babu dala, sai dai a ɗebi lada a biya. Gara ka ji shi yau daga bakin yaro marar ladabi, kana da halin biya.

Allah Ya sanya albarka a kasuwanninmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Wanda yake da uba ko maigida ɗan kasuwa da ba ya karatu a nan, ya karanta masa.

Wallahu a'alam.